Mode da Guzurin Kumasi

In ka taɓa zama a gindin dalbejiyar bakin kasuwar Wurno, to ka san Mode, ko ba ka riƙe fuskarsa ba ka riƙe muryarsa. Mutum ne da ba a taɓa kawo zancen da bai fi kowa saninsa ba. A yi maganar teku, Mode zai gaya maka kalar ruwanta. A yi maganar jirgin sama, zai nuna maka kujerar da ta fi daɗin zama. Alhali kuwa duk tsawon rayuwarsa iyakar tafiyarsa Illela, ita ma ɗaurin aure ya kai shi, ya dawo a ranar.

Matarsa Salima ita ta gaji da ganinsa yana noman baki ana noman albasa. Ta shirya ta tafi Goronyo wurin kawunta Alhaji Uwaisu, babban dillalin albasa mai loda manyan motoci zuwa Kumasi ta ƙasar Gana. Ta durƙusa, ta yi magiya, har da 'yar ƙwalla, a ba mijinta aikin ɗan rakiya, wato mai bin mota yana lura da buhuna har a danƙa su ga mai karɓa. Alhaji ya san surukin nasa sarai, amma bai iya ganin hawayen 'yar ƙanwarsa. Ya sa aka kira Mode.

Ya ce, "Gwaji guda zan yi maka, Mode. In albasa ta isa lahiya, kai na ɗan rakiyata daga yau. In anka samu matsala ta wajenka, kada ka sake yi mini maganar mota, ko ta wasan yara ta."

Mode ya daki ƙirji ya ce, "Kawu, ka ɗauka albasa ta isa."

Wani in ya sami irin wannan dama, sai ya nemi tsofaffin 'yan rakiya ya tambayi yadda hanya take. Gogan naka ko kusa. Tun a mota kan hanyar komawa gida abu ɗaya ke yi masa yawo a ka: guzuri.

Suna shiga gida ya ce, "Salima, kin san abin da ka kashe matahiyi?"

"Hatsari, Allah shi tsare."

"Tayi. Tayi shi ka kashe matahiyi. Ranar da nit tahi Illela, kilishi nis saye mai kyau. Ina buɗe shi nic ce ma mutane bismillah, don dai kunya. Kahin mu kai Acida takarda kaɗai tar rage hannuna, ita ma wani yak karɓe yal lashe."

Salima ta ce, "To ai kai ma ka ci na wasu."

"Wanga wani zance na daban."

Ta shiga lissafa masa abin da matafiya ke ɗauka tun kaka da kakanni. Nakiya da zuma, wadda ke wata ba ta lalace ba. Dambun nama. Ƙuliƙuli da garin rogo, a jiƙa a sha a ƙoshi. Dabino da aya a aljihu. Duk wanda ta ambata sai Mode ya girgiza kai kamar ana karanto masa sunayen maƙiyansa.

"Dut suna da aibi guda. Daɗi gare su. Mota ga direba, ga masu lodi, ga na bakin hanya, kowa sai an yi mai tayi. Ni guzurin da nika so, shi zamo ba shi da nauyi, shi riƙe ciki, kuma in mutum yac ci loma guda kada shi sake miƙo hannu. In yi tayi da babbar murya Kawu shi ji ni mai kyauta na, kayana kuma su kai ni Kumasi su dawo da ni."

Salima ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, "Malam, wanga ai rowa ta."

"Ilimi na. Ke dai kawo turmi."

Dabararsa ta farko tauri. Ya sa ta soya gero ta daka, ya haɗa da ƙuliƙuli da 'yar shinkafa, ya narka ƙaro ya kwaɓa, ya dunƙula kamar dakuwa, ya shanya a kan kwanon ɗaki rana ta gasa. Da ya sauko da su, ɗaya ya suɓuce ya faɗa kan tukunyar ƙasa ta Salima, tukunya ta tsage, dunƙule ko gezau. Mode ya yi dariyar nasara, ya cika aljihu ya nufi gindin dalbejiya don gwaji.

"Jama'a, bismillah."

Hannuwa suka miƙo. Aka ji ƙas, ƙas, wasu suka dafe kunci. Baba Almustapha, dattijon unguwa, ya gartsa nasa, ya sa yatsa a baki ya zaro haƙori. Mode ya fara duba ta inda zai bi ya gudu. Sai tsohon ya ɗaga haƙorin sama yana murmushi.

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Wanga haƙori tun damana shika hana ni sukuni, ina tsoron mai cirewa. Ga shi ya hita ko zahi ban ji ba. Ƙaro mini guda, akwai wani nan ciki."

Sauran kuma suka gano cewa in ba a tauna ba, aka bar shi a kunci ana tsotsa, sai ya kai mutum azahar. Kafin a kira salla aljihun Mode ya koma wayam, har ana tambayarsa ko gobe zai kawo.

Ya koma gida fuska a murtuke ya ce a kawo barkono. Ba ɗan yaji ba, barkonon tsiya ya daka da hannunsa, har kajin maƙwabta suka bar unguwar, Salima ta koma zaure tana atishawa tana Allah ya isa a zuci. Washegari ya sake kai wa majalisa. Wannan karon kam an sha wuya. Idanu suka yi ja, hawaye da majina suka kece, wani ya cire hula yana fifita harshe. Mode ya harɗe ƙafa yana jiran a ce an tuba.

Sai wani mai facin taya ya ja numfashi mai tsawo ya ce, "Ikon Allah. Hancina ya buɗe. Mako nawa ina hwama da mura."

Na kusa da shi ya ce shi kuma ƙirjinsa ne ya washe. Baba Almustapha ya ce a ba shi biyu ya kai wa tsohuwarsa mai tari. Kan ka ce mene ne wannan, labari ya zaga Wurno cewa Mode ya haɗa guzuri mai cire haƙori da korar mura. Mata suka fara aiko da kwanoni.

Mode ya shiga ɗaki ya zauna ya rafka tagumi. "Mutanen garin ga ba su da lahiya, Salima. Mi za a ba su su ƙi?"

"Ka bari in yi maka nakiya ka tahi awa kowa."

"Ɗaci," in ji Mode, ya miƙe zumbur. "Ba mahaluƙin da ka son ɗaci."

Ranar kasuwar Rabah ya hau mashin ɗin haya ya tafi, ya zarce rumfar Malam Isa mai sayar da sassaƙe-sassaƙe da ganyayyaki. Bayan gaisuwa ya ce a ba shi abin da ya fi komai ɗaci a rumfar. Malam Isa ya auno masa garin ɓawon maɗaci, da garahuni, da tazargade. Mode ya hango wani buhu na busasshen ganye a gefe, ya nuna shi da haɓa.

"Wancan fa?"

"Hilasko na. Shi ba don ɗaci aka saye nai ba, wankin ciki shika yi. Mi za ka yi da shi?"

Mode bai ji komai ba sai cewa abu ne da mutane ke shakka. Ya ce, "Cika mini mudu."

"Mudu? Malam, ɗan tsunkule aka jiƙawa. Ko shanu za ka ba?"

"Allah shi gafarta Malam, ni da kaka gani na san hilasko tun kahin ka buɗe rumhwa. Cika."

Malam Isa ya cika, ya bi shi da kallo har ya ɓace.

Wannan karon Mode bai yi ƙaramin haɗi ba, tunda tafiya ta matso, ba lokacin gwaji. Ya kwashe geron da ke rumbu, ya haɗa da gyaɗar da Salima ta ajiye don sana'arta ta mai da ƙuli, ya juye ƙaro, ya juye barkono, ya juye kayan Rabah gaba ɗaya. Dunƙulen suka fito kore-kore baƙi-baƙi, suka cika buhu. Akuyar gidan, wadda ke cin sabulu da leda, ta shinshina ɗaya ta juya ta yi tafiyarta. Mode ya ji daɗin wannan shaida ƙwarai.

Salima ta tsaya a bakin madafa, hannu a ƙugu. "Ka ɗanɗana?"

"Mi zan ɗanɗana? Ni niz zuba komi da hannuna."

"To tambaya guda. In kowa ya ƙi shi, kai mi za ka ci?"

Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo wa Mode a rai. Amma mutum irin Mode ba ya ja da baya a gaban mace. Ya ce, "Ni namiji na. Haɗiyewa zan yi."

Ranar tafiya tun da hantsi yana tashar albasa ta Goronyo, da sabuwar hula da buhunsa a kafaɗa. Ana ta lodi, ƙarti na ɗaga buhuna suna jerawa, Alhaji Uwaisu na zaune a kan benci yana lura. Direban motar, Yari, wani ƙaton mutum mai ƙaramar murya, yana zagaya tayoyi yana bugunsu da ƙarfe. Mode ya ga taro ya cika, ya ce yau ne ranar. Ya sauke buhu a tsakiyar fili, ya kwance bakinsa, ya ɗaga murya yadda har masu shayi za su ji.

"Kawu, bismillah. Yari, bismillah. Jama'a kowa shi matso, guzurina na kowa na."

Alhaji ya ɗaga gira, don bai san surukinsa da wannan hali ba. Yari ya fara ɗauka. Ya fasa da ƙarfen taya, ya jefa ɓari a baki. Fuskarsa ta tattare wuri guda, idonsa ɗaya ya rufe, jijiyar wuyansa ta miƙe. Zuciyar Mode ta yi fari fat.

Yari ya haɗiye da ƙyar, ya share hawaye, ya ce, "Wanga shi na magani. Dut abin da yak kai haka ɗaci, ba basir ɗin da ka tsayawa gabanai. Shekara nawa ina zaman kujerar mota."

Ashe labarin haƙori da mura ya riga Mode isowa Goronyo. Jin an ambaci basir kuwa, sai tasha ta rikice. Masu lodi suka yar da buhuna suka yo kansa. Mai shayi ya bar tukunya. Wani ya ce yana jin shawara, wani ya ce zaƙi ya yi masa yawa a jiki, wani bai ce komai ba, cusawa kawai yake a aljihu. Alhaji Uwaisu da kansa ya taso, ya ci biyu yana yamutsa fuska yana sa albarka, ya ce rabonsa da abu mai ratsa jiki haka tun rasuwar kakarsa. Yari ya ci huɗu, ya kora da shayi.

Mode na tsaye yana yaƙe, ransa na ƙuna, yana kallon rabin buhu na tafiya. Da ƙyar ya samu ya ɗaure bakin sauran ya zauna a kai. Shi kuwa ko ƙwaya bai kai bakinsa ba. Da yunwa ta taso masa, sai ya bi masu tayi. Ya ci biredin Yari, ya ci kilishin Alhaji, ya taya wani mai lodi shan fura har ƙasan kwano.

Sai bayan la'asar aka gama lodi aka ɗaure igiya. Alhaji ya ce zai bi su har Sakkwato, ya shiga gaba kusa da Yari, Mode ya haye saman kaya yana ɗaga wa mutane hannu kamar mai tafiya Makka. Mota ta ɗaga.

Ba su yi nisa da gari ba mota ta tsaya. Yari ya diro da buta a hannu, ya faɗa cikin gonar dawa. Ya dawo ya ce ba komai, aka ci gaba. Ba a jima ba ta sake tsayawa, wannan karon Alhaji ne ya fito ta ɗaya ƙofar, babbar riga a tattare, yana sauri irin wanda ba a taɓa ganin ya yi ba. Tsayawa ta uku tare suka fita, buta kuwa ɗaya ce, aka tsaya ana ja.

"Alhaji, ka yi mini rai."

"Sakar mini, Yari, ni na ubangidanka."

"Wallahi yau ba ubangida."

Wayar Alhaji kuma ta hau ruri daga Goronyo. An ce masu lodi duk sun watse cikin gonaki, mota ta biyu na tsaye ba mai ɗaga buhu, mai shayi ya bar wuta na ci ba a san inda ya shiga ba.

Tafiyar da ba ta isa a kira ta tafiya ba, sai da rana ta yi ja kafin su rarrafo mararrabar Wurno. Nan Yari ya kashe mota, ya sauko ya kwanta a ƙarƙashinta, ya ce ko za a ba shi motar kyauta ba zai ƙara taka ta ba. Ga albasa tuli a sama ta sha zafin yini, ga masu jira a Kumasi. Mutanen Wurno da ke bakin hanya suka taru, har da Baba Almustapha da 'yan gindin dalbejiya, waɗanda dama sun fito ne su ɗaga wa Mode hannu.

Alhaji ya zauna a kan dutse, ya rame a yini ɗaya, ya ɗaga kai ya ga surukinsa a saman kaya garau, har da sheƙi.

"Sauko, Mode. Mi kaz zuba cikin abin ga?"

"Kayan gargajiya na, Kawu. Maɗaci, garahuni, ɗan hilasko."

"Ɗan nawa?"

"Mudu."

Jama'a suka ɗauki salati. Alhaji ya rufe ido ya buɗe. "To dut wanda yac ci ya kwanta. Kai mi yas sa kaka tsaye?"

"Jikina na da ƙarhi, Kawu."

"Madalla. Ɗauko guda ka ci gabana."

Mode ya kwance buhu. Ya ɗauko ƙarami, ya juya shi, ya duba ko akwai wanda ya fi shi ƙanƙanta. Ya kai baki, ya lasa. Abin ya daki harshensa ya haye ƙwaƙwalwa, ya tofar, ya hau kakari yana neman ruwa, hular nan sabuwa ta faɗa cikin kwata.

Baba Almustapha ya ce, "Ashe kai ba ka iya cin shi? To don wa kay yi shi?"

Ɗaci da haushi suka haɗu suka kwance wa Mode baki. "Don kowa shi ƙi shi niy yi shi! Na sa tauri kun tsotse, na sa barkono kun gode, na sa ɗaci kun ce magani. Wane irin mutane na ku? Mutum ba shi da ikon yin tayi a ce mai an ƙoshi?"

Sai da ya gama ya ji abin da ya faɗa. Mai facin taya ne ya fara, dariya ta kama kowa, har Yari daga ƙarƙashin mota yana dariya yana riƙe ciki yana roƙon a daina.

Alhaji Uwaisu bai yi dariya ba. Ya ce, "Kilishina kac ci ɗazu, ko?"

"Kai kay yi mini tayi, Kawu."

"Haka na. Ɗauki buhunka. Ga hanyar gidanku nan, ba ta buƙatar guzuri. Ka gai da ɗiyata, ka ce mata na yi iyakar ƙoƙarina." Yana faɗin haka ya zabura, ya fizgi buta ya sake nufar gona.

Washegari aka samo wani direba da wani ɗan rakiya, albasa ta wuce Kumasi ba Mode. Shi kuwa ya shiga gida da rabin buhu a ka. Salima ta riga ta ji komai, har abin da bai faru ba. Ta yi kukanta ta share, don ita ta durƙusa a gaban kawunta, ita kuma aka kunyata. Ba ta yi masa faɗa ba. Da safe ya zauna jiran koko, sai ta dire masa faranti da dunƙule biyu a kai.

"Mi na na wanga?"

"Geron gidan ga na, da gyaɗata. Rumbu ba komi, dut suna cikin buhunka. Ba a zubar da abinci, Malam. Kai namiji na, haɗiyewa za ka yi."

Shi ke nan fa. Har yanzu in ka bi ta unguwarsu da hantsi za ka same shi a ƙofar gida, faranti a gaba, buta a gefe, yana gutsura kaɗan-kaɗan yana hawaye. Duk wanda ya gifta sai Mode ya miƙe har da riƙo masa riga.

"Baba, bismillah. Don Allah bismillah. Ko guda."

Baba Almustapha ya kauce, ya dafa ƙirji cikin ladabi ya ce, "Alhamdu lillahi, ɗana, na ƙoshi."

Haka kowa ke ce masa, daga Wurno har Goronyo. Guzuri dai ya yi yadda aka so, ba mai taɓa shi, kuma Salima ta ce da sauran rabin buhu.